Wa Za Mu Tambaya Ranar da Bariki Ya Kama da Wuta?

Akwai wata kalma da manyanmu a Bangui suka mayar garkuwa, wato "sirrin tsaro". Ka tambayi inda aka jibge harsasai da bama-bamai a cikin gari, a ce maka sirrin tsaro ne. Ka tambayi inda ake zubar da baƙin man motocin soja da ruwan masan bariki, ko wanda ke biyan kuɗin wutar da barikin ke sha, ko takardar filin da aka kewaye da waya bara, amsar ita ce dai wannan. Da zarar an furta ta sai kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, a bar kaza cikin gashinta. Ni kuwa ina ganin lokaci ya yi da za a fige kazar nan. Ba mu nemi a gaya mana ta wace hanya dakaru za su bi zuwa Bria ko Birao ba, wannan sirri ne na gaskiya kuma a riƙe shi. Abin da nake cewa shi ne, filin bariki da ginin bariki da man bariki da wutarsa da shararsa al'amura ne na gari, don haka ya kamata a ɗora su a wuyan babban jami'i farar hula, mai suna, mai ofis, wanda Majalisar Dokoki za ta iya kira ta titsiye shi a gaban jama'a.

Daga Yakité nake wannan magana, a Kilomita Biyar, unguwar da duniya ta sani da PK5. Na faɗi haka ne don mu nan mun yi karatun da ba a koyarwa a makaranta, karatun yadda ake zama da mai bindiga. Daga 2014 zuwa ƙarshen 2019 ƙungiyoyin da suka kira kansu masu kare kai ne ke riƙe da kasuwa da tituna, suna karɓar haraji a hannun 'yan kasuwa da direbobi. Wa ya taɓa tambayarsu rasiɗi? Wa ya ce musu a kawo lissafin abin da aka tara a wata? Sai da tura ta kai bango a watan Disambar 2019, 'yan kasuwa suka tashi, aka gwabza, mutane da dama suka rasu, shaguna suka ƙone, sannan aka samu sauƙin abin. Ba ina haɗa sojan ƙasa da ɗan daba ba ne, Allah ya sawwaƙe. Soja ma'aikacin hukuma ne mai doka a kansa. Amma abu guda ya haɗa su, bakin talaka yana mutuwa a gaban kowannensu. Mutumin da yake rataye da bindiga, ko da waliyyi ne, ba ka iya tsare shi a bakin ƙofa ka ce masa, "Malam, ina takardar sayen man nan?" Wannan ne ya sa ƙasashen da suka san ciwon kansu ba sa barin mai bindiga ya zama shi ne mai lissafin kansa.

Mu fara da abin da ya fi tayar da hankali. A watan Nuwambar 2014 tsofaffin mayaƙan Seleka da aka tsugunar a barikin Béal, a tsakiyar Bangui, suka yi barazanar tayar da rumbun makaman da ke cikin barikin idan ba a biya musu buƙatunsu ba. Mutanen unguwannin kewaye suka kwana da ido biyu, wasu suka kwashi yara suka bar gidajensu. Allah ya tsare, abin bai faru ba, daga baya masu aikin kwance bama-bamai na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga aikin kwashe kayan. To amma tambayar da ta kamata a yi a lokacin har yau tana nan a ajiye. Me ya kai tarin abin fashewa tsakiyar gari tun farko, kuma aikin wa ne ya hana? Barikin Béal da barikin Roux da na Kassaï duk tsofaffin wurare ne, gari ya girma ya zo ya same su, gidaje da makarantu da kasuwanni suka matso har jikin katanga. Ba laifin sojan da ke gadi a ƙofa ba ne. Laifin rashin wanda aka ɗora wa aikin duba taswira ne, ya ce wannan rumbu ya tashi daga nan kafin shekara kaza, ga filin da zai koma, ga kuɗin.

Duk mai ganin tsoro ne kawai ke damuna, ya leƙa gidan maƙwabta. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 rumbun makaman barikin Ikeja a Legas ya kama da wuta. Fiye da mutum 1,000 suka mutu, kuma mafi yawansu ba wuta ce ta ci su ba, gudu suka yi cikin firgici da duhu suka afka cikin magudanar ruwan Oke-Afa, manya a kan yara. 'Yan uwanmu na Agege da Idi-Araba har yau suna ba da labarin wannan dare. Ranar 4 ga Maris ɗin 2012, nan ƙasa da mu a Brazzaville, rumbun barikin Mpila ya tashi da safiyar Lahadi, ya kashe kusan mutum 300, ya jikkata fiye da 2,000, ya rusa unguwanni, har gilasai suka farfashe a Kinshasa da ke tsallaken kogi. Da aka zo shari'a a 2013, cikin waɗanda aka ɗaure har da wani kanar da aka samu da laifin karkatar da kuɗin da aka ware don gina sabbin rumbuna. Ka ji fa. An san akwai haɗari, an fitar da kuɗi, kuɗin ya shiga gidan soja, babu wani daga waje da ke bin sawunsa, sai da gawawwaki suka cika asibiti aka buɗe littafin lissafi. Ranar 7 ga Maris ɗin 2021 barikin Nkoantoma a garin Bata na Equatorial Guinea ya bi sahu, mutum 107 suka rasu, shugaban ƙasar da kansa ya ce sakaci ne da kuma wutar da manoma suka cinna a gonakin kusa. Daren 18 ga Yunin 2024 sai ga na Goudji a N'Djamena, kusa da filin jirgin sama, hukuma ta ce mutum 9 sun mutu, 46 sun ji rauni. Najeriya, Kwango, Equatorial Guinea, Chadi. Gemun duk waɗanda ke kewaye da mu ya kama da wuta, mu kuma muna zaune ko ruwa ba mu ɗebo ba.

A lura, babu ko ɗaya cikin waɗannan da abokin gaba ya harba. Zafi ne, da tsufan kaya, da wayar wuta mara kyau, da ciyawar da ba a share ba, da rufin da ke yoyo. Wato aikin magini da injiniya da akawu da mai tsara birni. Kuma tayar da rumbu daga tsakiyar gari ba abu ne da kwamandan bariki zai iya ba ko da yana so. Sai an samo fili, sai an biya masu gonaki diyya, sai an yi hanya, sai an sa kuɗin a kasafi an kare shi a gaban ma'aikatar kuɗi shekara uku ko huɗu a jere. Kwamanda kuwa yau yana nan, gobe an tura shi Bouar. Tarbiyyar aikinsa ma ta hana shi ƙorafi, an koya masa ya ce "to, ranka ya daɗe", ya yi maleji da abin da ya samu. Hafsan da ya cika rubuta wa na sama da shi cewa rufi na yoyo, mai tsaurin ido za a kira shi. Farar hula da aka naɗa don wannan aiki kaɗai, shi ƙorafin ne abincinsa.

Kada wani soja ya karanta wannan ya ɗauka da shi nake faɗa. Shi ne farkon wanda abin ke ci. Matarsa ce ke ɗiban ruwa a rijiyar bariki, 'ya'yansa ne ke wasa a gindin katangar rumbun. Mun ga abin da ya faru a 1996, lokacin da sojoji suka yi bore har sau uku a shekara guda a zamanin Ange-Félix Patassé, farkon abin kuwa albashin da aka riƙe musu ne da halin ƙuncin da suke ciki. Bangui ta sha wuta a dalilin haka, har sai da aka kawo dakarun ƙasashen Afirka a 1997. Sojan da ke kwana a ɗaki mai yoyo, ba ruwa ba wuta, fushinsa a kan titi yake sauka, a kan ɗan acaɓa da mai tura kura.

Wannan kujera da nake magana a kai ba ni na ƙirƙiro ta ba. A Amurka, ma'aikatar tsaro tana da mataimakin sakatare mai kula da makamashi da gine-gine da muhalli, haka rundunar ƙasa da ta ruwa da ta sama kowace tana da nata. Farar hula ne, shugaban ƙasa ke zaɓo su, Majalisar Dattawa ke tantance su a bainar jama'a kafin su hau. Aikinsu shi ne filaye da gidajen sojoji da ruwan sha da wuta da mai da tsabtace wuraren da soja ya gurɓata. Tun 1993 aka naɗa wata lauya, Sherri Goodman, a muƙamin kula da tsaron muhalli a ma'aikatar, ta riƙe har 2001. Janar mai taurari huɗu yana jagorantar yaƙi, amma idan maganar tankin mai ce ko bututun ruwa, akwai wata mace ko wani namiji cikin kwat da zai amsa tambaya.

Na san abin da wasu za su ce, wai ga shi zai fara yi mana wa'azin Amurka. To ku saurara. Ba na kawo su don tsarkinsu ba, hannunsu ya fi na kowa datti a wannan fage. A barikin Lejeune sojoji da iyalansu sun sha gurɓataccen ruwa daga 1953 har 1987, sai a 2022 aka yi dokar da ta buɗe musu ƙofar kotu. A Iraƙi da Afganistan sun riƙa ƙona shara da robobi da batura a manyan ramuka, hayaƙin ya shiga huhun sojojinsu da na mutanen ƙauyukan kusa, kuma dokar da aka yi ta tuna da sojojin ne, mutanen ƙauyen ko oho. A watan Nuwambar 2021 man jirgi ya tsiyaye daga tankunan Red Hill na sojan ruwa a Hawaii, ya shiga ruwan shan mutane kusan 93,000, alhali kujerar tana nan da mai ita a kai. Kujerar ba ta hana ɓarna ba. Amma dubi abin da ya biyo baya. Hukumar lafiya ta jihar, farar hula, ta ba sojan ruwa umarnin dakatar da aiki a wurin. Aka kira manya gaban majalisa. A watan Maris ɗin 2022 sakataren tsaro Lloyd Austin ya ba da umarnin a kwashe man a rufe tankunan baki ɗaya, tankunan da aka gina tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin wata huɗu ke nan. Matar da ɗanta ya sha ruwa mai warin mai ta san ofishin da za ta je ta yi kuka, ta san sunan wanda za ta zaga a rediyo. Abin da nake nema wa matar Yakité ke nan, ba fiye ba.

Wasu kuma za su ce ai muna da farar hula a kan ma'aikatar tsaro tun tuni. Gaskiya ne. Marie-Noëlle Koyara, wadda karatunta na aikin gona ne, ta riƙe ma'aikatar daga 2017 zuwa 2021, Claude Rameaux Bireau ya gaje ta. Wannan ci gaba ne idan aka tuna zamanin François Bozizé, lokacin da uba ke fadar shugaban ƙasa, ɗansa Jean-Francis na riƙe da harkar tsaro, sai ka ce gadon gida. Amma ministan tsaro a ƙasar da ke fama da 'yan tawaye, teburinsa cike yake da ɗaukar sababbin sojoji da albashi da baƙi daga Rasha da Ruwanda da Tarayyar Turai. Yaushe zai zauna ya karanta rahoton rijiyar burtsatse? Maganar masai da tankin gas kullum ita ce ta ƙarshe a jerin taro, kuma kullum lokaci yana ƙarewa kafin a kai gare ta. Idan kuwa aka ce ai akwai wani darakta a wani lungun ma'aikata da ke kula da gine-gine, sai in ce a fita kasuwar PK5 a tambayi mutum ɗari sunansa. Ofishin da talaka bai san ƙofarsa ba, a wurin talaka daidai yake da babu.

Mu zo kan wuta da mai, inda abin ya fi taɓa aljihu. Bangui ta daɗe tana rataye da tashoshin Boali da ke kan kogin Mbali, kusan kilomita 100 daga gari. A Maris ɗin 2013, da Seleka suka doso, Boali suka kama, gari ya faɗa duhu kafin su shigo. A Afrilun 2021 ba ma sai da bindiga ba, iska ce ta kayar da turakun layin, muka yi makonni muna laluben ashana. Mai kuwa, esansi da 'yan Najeriya ke ce wa fetur da kuma gas, ta hanya biyu yake zuwa mana. Ko dai ta kogin Ubangi idan ruwa ya cika, a sauke a ma'ajiyar Kolongo, ko ta mota daga Duwala a bi ta Garoua-Boulaï. Da 'yan tawayen CPC suka toshe wannan hanya a ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, motoci sama da dubu suka yi cirko-cirko a kan iyakar Kamaru, farashin komai ya tashi a kasuwarmu. A Janairun 2023 gwamnati ta ɗaga litar esansi daga sefa 865 zuwa 1,300. A ƙasa irin wannan kowace lita da kowane awa na wuta rabo ne, abin da aka ba wani an hana wani.

Ban ce kada a ba soja ba. Motar sintiri ba ta tafiya da addu'a. Tambayata ita ce, lita nawa aka ware, nawa ta isa, wa ya ƙirga? Idan ENERCA na rabon wuta unguwa-unguwa, wa ke yanke hukuncin layin da ba a taɓawa, kuma wa ke biyan kuɗinsa? Mai walda a Yakité da ke zaman jiran wuta rabin yini, da mai sayar da ƙanƙara, da telan da ya koma keken ƙafa, suna da haƙƙin su sani, domin idan babban mai shan wuta bai biya ba, kamfanin ba ya samun kuɗin gyaran taransifoma, duhun kuma a kanmu yake ƙarewa. Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi Najeriya. A Fabrairun 2024 ministan lantarki Adebayo Adelabu ya ce ana bin barikokin soja bashin wuta na naira biliyan 42. A Maris ɗin 2025, bayan an yanke wa wani sansanin sojan sama wuta a Legas saboda bashi, sojoji suka dira a ofishin kamfanin Ikeja Electric suka lakaɗa wa ma'aikata duka. Ka ga abin da ke faruwa idan aka bar mai karɓar kuɗin wuta da mai bindiga su yi ciniki kai tsaye. Da akwai farar hula a tsakani, mai kasafin wutar bariki a hannunsa, da rigimar ta ƙare a kan takarda.

Abin takaici, maganin yana saman kanmu. An buɗe tashar hasken rana a Sakaï, an buɗe ta Danzi mai megawat 25 a Nuwambar 2023. Rufin bariki faɗi gare shi, rana kuma ba ta bi ta Garoua-Boulaï. Barikin da ke da farantan hasken rana da batura ba ya jiran tankar gas, ba a kuma iya sayar da hasken rana a kwalba a bakin titi. Watakila shi ya sa wasu ba sa son maganar. Duk inda janareto ke aiki akwai mai sa hannu a takardar gas, kuma mai sa hannun ba zai taɓa kawo shawarar a kashe janareton ba.

Sai baƙi. Ƙasar nan ta ga sojojin waje iri-iri. Faransawa sun bar Bouar a ƙarshen 1997 da Bangui a 1998, suka dawo, suka yi Sangaris daga 2013 zuwa 2016, na ƙarshensu suka tashi daga sansanin M'Poko ranar 15 ga Disambar 2022. MINUSCA ta karɓi aiki a Satumbar 2014 da dubban dakaru. Rashawa sun iso a 2018 suka sauka a Berengo, tsohon gidan Bokassa. Ruwanda na da nata dakarun. Kowane sansani cikin waɗannan ƙaramin gari ne, yana shan mai, yana wanke motoci, yana canja batura da tayoyi, mutanensa suna ci suna zagayawa. Ina abin yake tafiya? Jujin Kolongo, a gunduma ta shida, shi ne babban jujin gari, can sharar kowa ke ƙarewa har da ta MINUSCA, mutane kuma na zaune kewaye da shi. Wanda ya ɗauki wannan ƙaramar magana ya tuna Haiti. A 2010 ruwan masai daga sansanin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Mirebalais ya shiga kogi, kwalara ta ɓarke ta kashe kusan mutum 10,000, kuma sai a Disambar 2016 Ban Ki-moon ya nemi gafara. Shekara shida ana musu. Ita Majalisar ta ɗan koyi darasi, yanzu tana da jami'an muhalli a ayyukanta. Amma wannan baƙo ne ke duba kansa da kansa. Ina mai gida?

Ko gidan haya ka bari, mai gida yana zagayawa ya duba ƙofa da famfo kafin ya karɓi makulli. Filin da aka yi shekaru ana ajiye jiragen yaƙi da tankunan mai a kansa, a ce an miƙa shi da faretin sauke tuta kawai? M'Poko ba nisa gare shi da mu ba, unguwar Boeing ce a tsakani, inda maƙabartarmu take. Bangui gari ne mai kwari, ruwan ƙasa a kusa yake, mafi yawanmu da rijiya muke rayuwa domin famfon SODECA bai isa ko'ina ba. Da damina magudanai suna cika su shigo tsakar gida, mun ga abin da ambaliyar Oktoban 2019 ta yi. Abin da aka zubar a tudu, a rijiyar na kwari yake kwana. Ya kamata a ce duk yarjejeniyar ba baƙo fili tana ɗauke da sharaɗin a auna ƙasa da ruwa ranar shiga, a sake aunawa ranar fita, wanda ya ɓata ya gyara, kuma sakamakon a liƙa shi a ofishin magajin gari. 'Yan uwanmu na Nijar suna da irin wannan tambaya a kan sansanin Agadez da Amurka ta gina da kuɗi fiye da dala miliyan 100 ta fita a 2024. Kuma ban ware kowa ba. Wanda ke zagin Faransa yana yi wa Rasha shiru, da wanda ke zagin Rasha yana yi wa Faransa shiru, duk rijiya ɗaya suke sha.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce, farar hular ma ɓarayi ne, ka ƙara kujera ka ƙara baki. Ban musa ba, mun ga masu kwat da suka fi kura. Sai dai ɓarawo mai kwat ana iya kiran sunansa a Rediyo Ndeke Luka a kwana lafiya. Ɗan majalisa na iya tsare shi da tambaya, Kotun Binciken Kuɗi na iya neman takardunsa, ana iya korarsa da sa hannu guda ba tare da tsoron bariki zai motsa ba. Gwada wannan da kanar mai bataliya a bayansa. Dalilin neman farar hula ke nan, ana iya kama shi.

Mu mutanen PK5 muna da ƙarin dalili. A garin nan abubuwa da yawa da sanayya ake yin su, wanda ke da ƙane ko suruki a bariki yakan ji labari, yakan kai kuka ta bayan gida. Mu kuwa kowa ya san 'ya'yanmu ba su da yawa a cikin rundunar, kuma bayan abin da ya faru tun daga Disambar 2013, da harin Sukula na Afrilun 2018 da aka kwashi gawawwaki aka jera a ƙofar MINUSCA, ba kowane ɗan unguwar nan ne zai taka zuwa ƙofar bariki da takardar koke a hannu ba. Wanda ba shi da ƙofar baya, ƙofar gaba yake buƙata, mai allo da suna da lokacin buɗewa. Maƙwabtanmu Kiristoci na Castors da Fatima da ba su da kowa a sama, su ma ita suke buƙata. Hayaƙi ba ya tambayar addini kafin ya shiga taga.

Masu cewa a bari sai yaƙi ya ƙare, su ne suka fi ba ni mamaki. Yanzu ne ake ginin. Tun 2017 tsarin tsaron ƙasa ya ce rundunar za ta koma ta zaman barikoki a yankuna, an fara da Bouar. A Yulin 2024 Kwamitin Sulhu ya ɗage takunkumin makaman da ya ƙaƙaba mana tun Disambar 2013, kuma cikin sharuɗɗan da aka daɗe ana auna mu da su har da yadda muke adana makamai da harsasai. An ɗage takunkumi, ma'ana kaya za su ƙaru, rumbuna za su ƙaru, idon waje kuma zai ragu. Duk barikin da aka kafa bana a wurin da bai dace ba, jikokinmu ne za su yi fama da shi, kamar yadda muke fama da waɗanda Turawan mulkin mallaka suka bar mana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka kirana ga 'yan majalisarmu na gunduma ta uku, waɗanda suka zo har ƙofar gidajenmu neman ƙuri'a, shi ne su kai ƙudiri. A kafa muƙamin da doka, domin abin da aka kafa da sanarwa da sanarwa ake rushe shi. Mai riƙe shi ya zama farar hula na gaske, ban da janar da ya tuɓe kaki jiya. Kuɗin gini da mai da wutar barikoki su bi ta hannunsa, ya kuma sami ikon shiga kowane sansani, na gida da na baƙi, da injiniyansa da mai auna ruwansa. Sau ɗaya a shekara ya tsaya a zauren majalisa ya karanta lissafi, rediyo na watsawa da Sango don kowa ya ji. Aikinsa na watan farko kuwa ba ya buƙatar tallafin Bankin Duniya. Ya ɗauki igiyar awo, ya auna tazarar da ke tsakanin kowane rumbun makamai a Bangui da makarantar firamare mafi kusa da shi, ya kawo wa majalisa adadin mitocin.